Ranar da Talabijin Ta Tona Min Asiri

A gidanmu ni ne injiniya. Ba wanda ya naɗa ni, kuma ban taɓa zama ajin lantarki ba, aikina ma na ofis lissafin albashi ne. Amma tun ranar da dikoda ta daina nuna Arewa24 ana tsakiyar Daɗin Kowa, na zare filoginta na mayar ta dawo, uwargida ta shiga ba da labarina cikin dangi. Kafin shekara ta zagayo, duk wanda rediyonsa ta yi shiru ko wayarsa ta ƙi caji a gidan surukaina, sai a ce a kai wa mijin Yaya. Ni kuwa ban taɓa musantawa ba. Wa yake ƙin sarauta?

Da aka yi bikin autarsu, mai ɗaukar bidiyo ya haɗa komai wuri guda, tun daga kamu har kai amarya, ya zo gida ya zuba min a kwamfutata. Labari ya kai Gumel. Surukata Hajiya ta aiko cewa ranar Asabar za ta shigo Kano da 'yan'uwanta su ga bikin da idonsu, don a lokacin hidima ta hana su ganin komai. Na ce a gaya mata a babban allo za ta gani, ba a waya ba. Ina da dalilina na ɗoki. A wurin dina na yi liƙi na gani na faɗa, kuma ina son dangi su shaida.

Dabarar farko mai sauƙi ce: a kwafe bidiyon a filashi, a soka a talabijin. Filashin da ke gidan mai giga 16 ne, bidiyon bai kai giga 7 ba, amma kwamfuta ta ce wai ya yi girma. Ashe filashin yana kan wani tsohon tsari da ake kira FAT32, wanda ya fito tun 1996, kuma a tsarin nan fayil ɗaya ba ya wuce giga 4 ko da filashin fili ne fetal. Na sauya masa tsari zuwa NTFS, bidiyo ya shiga lafiya lau. Abin da ba wanda ya tuna min shi ne sauya tsari yana share duk abin da ke ciki, kuma filashin nan shi ne wanda uwargida ke sa wa 'yar rediyonta ta kicin. Wannan shari'a har yau ba a yanke ta ba. Na soka shi a talabijin, ita kuma ta nuna ba ta san da zuwansa ba, don tsohon tsarin kaɗai ta iya karantawa.

Sai na yanke hukunci irin na manya: tunda bidiyo ya ƙi zuwa wurin talabijin, kwamfutar da kanta za ta zo falo.

Kwamfutar tawa ta tebur ce, 'yar gwanjo, irin waɗanda ofisoshin Turai suka gaji da su aka loda mana a kwantena. Na rungumo sifiyu ɗin da ƙurarsa, na dire a ƙarƙashin talabijin, na haska tocilan a bayansu duka biyun. A nan na gane masu ƙera kayan nan ba sa ga maciji da juna. A bayan kwamfuta akwai wata mashiga shuɗiya mai ramuka 15, layi uku biyar-biyar, da sukurori biyu a gefe. Ita ce VGA, kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, wato ta girmi amaryar da za mu kalla nesa ba kusa ba. A bayan talabijin kuwa babu mai kama da ita ko a mafarki. Akwai HDMI guda biyu, akwai ramin eriya, sai ramukan nan uku masu launin rawaya da fari da ja da muka sani tun zamanin bidiyo mai kaset.

Ina cikin haskawa sai na hango wata siririyar mashiga a jikin kwamfutar, kusa da shuɗiyar. Na ce alhamdu lillahi, ga HDMI nan ta ɓuya. Na zare wayar dikoda, yara suna ihu an katse musu katun, na kai bakinta ramin. Ta ƙi shiga. Na juya ta, ta ƙi. Na hura ramin, na sake gwadawa da bisimilla, na ɗan haɗa da ƙarfi har sifiyu ɗin ya ja baya ya bugi bango. Daga baya na ji sunanta DisplayPort, an fito da ita a 2006, kusurwa ɗaya aka yanke mata, ita kuwa HDMI kusurwa biyu. Mutanen da suka zauna suka ƙera abu biyu masu kama da juna haka, suka kuma sa su a wurin da ba haske, su ya kamata a tuhuma, ba bawan Allah mai tocilan a baki ba.

Washegari a hanyar ofis na ga mai baro yana sayar da caja da wayoyi. A cikin tarkacensa ga wata waya, kai ɗaya shuɗi mai allurai 15, ɗaya kan kuma rawaya. Na ce wannan ai don ni aka yi ta. Na tambaye shi ko tana aiki, ya ce, "Alhaji, in ba ta aiki me zai sa a ƙera ta?" Hujjar ta gamsar da ni. Da dare na haɗa, talabijin ta yi wasu layuka masu rawa, ta ɗan yi tsaki, ta koma shuɗi. Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Maigida, an fara ne?" Na ce gwaji nake yi.

Na koma wani shago, wannan karon mai gilashi da fanka. Na ce ina son abin da ke haɗa VGA da HDMI. Yaron shagon ya miƙo min wata 'yar farar kwanbata, gefe ɗaya HDMI, gefe ɗaya VGA. Na ce, "Ka tabbata?" Ya ce, "Oga, ga wannan, ga wannan. Me ya rage?" Na biya, na ƙara da wayar HDMI sabuwa don yara su samu lafiya. A gida na ɗaure sukurori tamau, na kunna. Talabijin ta rubuta da Turanci cewa babu sigina, rubutun yana yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana leƙo ni.

Ranar Juma'a bayan masallaci na nufi titin Beirut, inda 'yan kwamfuta suke, da ledar kayana a hannu. Wani dattijon mai gyara, tabarau a kan hanci, ya zazzage ledar a teburinsa. Ya ɗaga wayar mai baro ya ajiye gefe bai ce komai ba. Ya ɗaga farar kwanbatar ya ce, "Alhaji, wannan lafiyarta ƙalau, amma ba taka ba ce. Ta mai laftof ce da ke son haɗawa da tsohuwar monita. Daga HDMI take karɓa ta ba VGA. Kai kuwa daga VGA za ka fita."

Na ce, "To ba sai a juya ta ba?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Injin markaɗe fa? Ka zuba wake ya ba ka ƙullu. In ka zuba ƙullu ta baki, wake zai fito ta sama?"

Ya yi min bayani, ni ma na riƙa gyaɗa kai irin na abokin sana'a. VGA tana aika hoto ne da ƙarfin lantarki mai hawa da sauka, ja da kore da shuɗi kowanne da silinsa. HDMI kuwa, wadda aka fito da ita ƙarshen 2002, lambobi zalla take aikawa, hoto da sauti a waya ɗaya. Kafin wancan ya zama wannan sai an samu 'yar na'ura a tsakani da za ta yi aikin, kuma na'urar tana cin wuta. Shi ya sa kwanbatar gaskiya take da jela biyu: ɗaya ta USB da za ta sha wuta daga jikin kwamfuta, ɗaya siririya da za a soka a koren ramin sauti, don VGA kurma ce, ba ta ɗaukar murya ko kaɗan. Ya ce da ma akwai 'yar mahaɗa ta DisplayPort da ta fi sauƙi, amma tasa ta ƙare. Na karɓi mai jela biyun. Ina fita ya ce, "Ka gwada yau fa, kada ka bari sai gaban baƙi."

Na isa gida aka ɗauke wuta. Ba a dawo da ita ba har gari ya waye.

Wanda bai san surukuta ba ba zai gane nauyin abin da ya biyo baya ba. Tunda na auri 'yarta, ban taɓa zama ɗaki ɗaya da Hajiya fiye da tsawon gaisuwa ba. In durƙusa daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, a tambayi aiki da yara, in tashi in ɓace. Ita ma ba ta taɓa kiran sunana ba. Yau ga ta a kan doguwar kujera, Gwaggo a damanta, Inna a hagunta, amarya da ƙawayenta a kan kafet, jikoki ko'ina, ga ƙanin uwargida, ɗalibin jami'a mai bakin tsiya, ya jingina da ƙofa yana murmushi. Ni kuma ga ni a tsakiyarsu cikin shadda mai sitaci, don uwargida ta ce ba zan tarbi mahaifiyarta da singileti ba.

Na tayar da ƙaramin janareta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ƙarar injin nan ba ta shiga kunnena sai ta bi ta aljihu, saboda haka na shigo da sauri. Kwamfutar ramin VGA ɗaya gare ta, dole na cire monita na ba kwanbata wurin, wato daga nan duk abin da zan gani sai dai in gan shi tare da kowa. Talabijin a bango take, mashigarta a baya. Na manna kumatu da bango, na zura hannu ina lalube. Sannan na durƙusa bayan sifiyu, na ba surukata baya, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba.

Hajiya ta ce da 'yarta, "Ki ce masa ya bi a hankali, kada wuta ta ja shi."

Uwargida ta ce, "Maigida, Hajiya ta ce ka bi a hankali."

Na ce, "Ki ce mata na gode."

Tsakaninmu bai fi taku uku ba.

Na kunna. Babu sigina. Gumi ya fara bin sitacin. Can na tuna wayar a HDMI ta biyu na soka, talabijin kuwa tana kan ta farko, wurin dikoda. Abin da ake bukata kawai a danna maɓallin Source a rimot. Ina rimot? Aka ɗaga filo, aka leƙa ƙarƙashin kujeru, aka tuhumi yara har ɗaya ya fara kuka. Na lura da wani ɗan baƙin abu ya leƙo daga ƙarƙashin zanen Gwaggo. Na dubi uwargida, ta dube ni. Babu mai ƙarfin halin cewa Gwaggo ta ɗaga. Maɓallan jikin talabijin kuwa yara sun daɗe da kashe su. Haka muka zauna ana hirar farashin gero, janareta yana shan mai, har Allah ya kawo azahar Gwaggo ta tashi alwala.

Da aka dawo daga salla na danna. Allo ya yi baƙi, ya yi ƙyafta, sai ga fuskar kwamfutata ɓaro-ɓaro a inci 32. Inna ta rangaɗa guɗa. Uwargida ta dubi ƙawayen amarya da irin kallon nan na "ba na gaya muku ba?" Na miƙe na gyara hula.

Minti ɗaya na yi ina sarauta.

Ban taɓa lura da yawan abin da na tara a fuskar kwamfutar nan ba sai da na gan shi da girman tafin hannu. Ga fayil ɗin bidiyo. Dab da shi kuma ga wani da na sa wa suna da manyan baƙaƙe: ASARAR BIKI. Ƙanin uwargida ya matso ya ce, "Yaya, wannan ne bidiyon?" Na ce a'a, kayan ofis ne. Na ɗora mawus a kan teburin tsakiya na nufi bidiyon. Teburin na gilashi ne, jan hasken da ke ƙarƙashin mawus kuwa ba ya gane hanya a kan gilashi. Kibiya ta tsaya, ta yi rawa, na danna sau biyu daidai lokacin da ta yi tsalle gefe.

Ni ma'aikacin lissafi ne, kuma ban ga aibin mutum ya rubuta abin da ya kashe ba. Matsalar ita ce jadawalin yana da layi na uku mai suna "Bayani", inda nake faɗa wa kwamfuta abin da ba na iya faɗa wa mutane. Ƙanin nan ya gyara murya ya fara karantawa a bayyane, sai ka ce an ɗauke shi aiki.

"Buhun shinkafa, gudummawa. Bayani: don a zauna lafiya. Ankon madam kala uku. Bayani: ɗaya ma ya isa. Kuɗin motar Gwaggo, wai rance. Bayani: an yafe dole. Ɗinkin ƙanin madam..." Ya ɗan tsaya. "Bayani: wannan ko a lahira."

Na kai kibiya kusurwar sama don in rufe. Babu alamar rufewar. Talabijin ta yanke gefunan hoton duka huɗu, wata tsohuwar ɗabi'a da suka gada daga talabijin mai ƙusumbi, wadda sai an shiga saitin girman hoto ake kashe ta. Ina ta goga mawus a gilashi, kibiya tana zagaya sunan Gwaggo. Abin da ya fi ƙona min rai, a can ƙasan jadawalin akwai layin da na rubuta "Atamfar Hajiya. Bayani: ta cancanci fiye da haka." Wallahi yana nan. Amma rubutun ya yi girma, layin bai samu shiga allo ba.

Sai allo ya yi baƙi ƙirin.

Ban san wanda ya cece ni ba sai da na waiga. Jikar Gwaggo ce, 'yar budurwa, ta ga an tayar da inji, ta zagaya bayan sifiyu tana neman inda za ta sa caji, ta zare jelar USB ta kwanbata ta soka wayarta. A zuciyata na sa mata albarka har jikokinta. A fili kuwa na ce, "Kwanbata ta ɗau zafi, sai ta huce. A ɗan shiga ciki a ci abinci." Har an fara miƙewa, sai ɗalibin jami'a ya durƙusa ya ce, "Yaya, ga matsalar nan!" Ya zare cajar ya mayar da jelar.

Jadawali ya dawo. Hajiya, wadda ta yi shekaru tana shugabar makarantar firamare kafin ta yi ritaya, ta buɗe jaka ta ɗauko tabarau. Falo ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareta. Ta karanta daga sama har inda allo ya tsaya, a natse, yadda ake duba jarrabawa. Sannan ta cire tabarau ta ce da 'yarta, "Ki ce masa lissafin bai cika ba. Bai sa man injin yau ba."

Uwargida ba ta isar da wannan saƙon ba.

A lokacin ne yatsuna suka tuna da Alt da F4, jadawali ya ɓace. Na ɗora mawus a kan littafin yaro, na buɗe bidiyon. Ga kamu ya fito, mata suna ta buɗe baki suna rufewa, babu ko tari. Siririyar wayar sauti tana cikin leda a ɗaki, ɗokin safe ya sa ban ɗauko ta ba. Kafin a kawo ta, amarya ta ƙwalla ƙara: "Wayyo, ni ce wannan?" Kwamfutar tana aika hoto a ma'aunin tsohuwar monita, 1024 da 768, talabijin kuma ta ja shi ya cika faɗinta, kowa ya ƙara ƙiba ya rage tsawo. Ango ya zama guntu mai faɗi. Inna ta ce ita kam haka ya fi mata, yarinya ta yi kyan gani, a bar shi. Amarya ta ce in ba a gyara ba za ta tafi gida. Na shiga saiti na mayar da shi 1366 da 768, kowa ya koma girman da Allah ya yi shi, na soka wayar a koren rami, kiɗa ya tashi har Gwaggo ta zabura.

An kalli bikin har ƙarshe, an yi dariya, an yi gulmar ankon dangin ango. Ni ina rakuɓe a bakin ƙofa, inda na saba. Da aka zo wurin liƙin da na jawo duk wannan dominsa, mai bidiyo ya karkata kyamara wajen wani ɗan siyasa da ya shigo. Hannuna kawai ya fito, daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Na ce, "Wancan hannun nawa ne." Ba wanda ya waiwayo.

Bayan sati ɗaya direban motar Gumel ya kawo min ambulan. Kuɗin motar Gwaggo ne cif-cif, har da canji, ba ko gaisuwa a ciki. Ƙanin uwargida kuwa bai biya ɗinkin ba, ya ce tunda an riga an rubuta ba zai ƙaryata ni ba. Rediyoyin dangi ma sun daina zuwa, na ji an ce yanzu shi ake kai wa.

Mai karatu, in kana da laftof da tsohuwar monita, akwai farar kwanbata sabuwa fil a wurina, da kwalinta, zan sayar a rabin kuɗi. Wayar mai baro kuwa kyauta ce ga duk wanda ya zo ɗauka.